Bishara da Maƙwabci: Tarihin da ya Bi ta Kawo

Wanda ya san Kawo ta yau, da tasharta mai lodin Zariya da Kano da Katsina, da gadar sama, da kasuwar Talata, zai iya ɗauka cewa unguwar ba ta da gurbi a tarihin Kiristancin Arewa. Tana da shi kuwa. A nan Angilikan suka gina makarantar 'yan mata ta St. Faith, a nan kuma Baftis suka kafa makarantar horar da fastoci masu wa'azi da Hausa, wadda daga baya ta zama babbar makarantar tauhidi. Ta farkon gwamnati ce ta karɓe ta a 1972, ta koma Sakandaren 'Yan Mata ta Gwamnati da ke Kawo. Ta biyun wuta ta ci ta a Fabrairun 2000. Abin da nake so in kafa hujja a kai shi ne, bishara a ƙasar Hausa ba ta taɓa samun wata riba mai ɗorewa daga kusantar hukuma ba. Duk inda ta yi saiwa, zaman tare ne ya dasa ta, wato jinya da karatu da harshe ɗaya da katanga ɗaya. Saboda haka babbar asarar da ikkilisiya ta yi a Kaduna ita ce ta maƙwabci, wanda kundin tsarin mulki ba ya iya mayar mata da shi.

Farkon lamarin bai yi kama da nasara ba. A ƙarshen 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasar Hausa. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, kudu da Zariya, Kent ya rasu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida da zazzaɓi. Daga wannan yunƙuri mishan ɗin SIM ya fito, uwar ikkilisiyar ECWA. A 1900 Bishop Tugwell na mishan ɗin CMS ya jagoranci wata tawaga har cikin birnin Kano, cikinsu da wani matashin likita, Walter Miller. Sarkin Kano Alu ya karɓe su a fada, ya ba su 'yan kwanaki su tattara nasu ya nasu su fice, suka dawo Girku suka yada zango. Ba a raba ɗaya biyu cewa wasu 'yan mishan na wancan zamani sun sa rai idan sojan Ingila ya ci sarakuna da yaƙi, ƙofofin birane za su buɗe musu. Sojan ya ci Kano da Sakkwato a 1903, ƙofofin kuwa suka ƙara rufuwa. Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addininsu ba, magadansa irin su Girouard da Temple suka mai da alkawarin shinge, domin mulkin da suka tsara ya dogara ga sarki da alƙali da haraji, mai bishara kuwa a idonsu fitina ce da za ta iya ɓata lissafi.

Wannan shi ne abin da galibi ake mantawa idan ana cewa Turawan mulki da 'yan mishan jirgi ɗaya ya kwaso su. Fatarsu ɗaya, ƙasarsu sau da yawa ɗaya, amma a Arewa buƙatunsu sun saɓa. Miller ya samu zama cikin birnin Zariya daga 1905, ya buɗe makaranta da ɗakin magani, ya kuma shafe shekaru yana sa-in-sa da Sarki Aliyu Ɗan Sidi da razdan-razdan. A ƙarshe, wajen 1929, aka fitar da mishan ɗin daga cikin ganuwa zuwa Wusasa. Idan aka yi awo da yawan waɗanda suka karɓi baftisma, aikinsa ƙanƙane ne. Idan aka yi awo da mutanen da wurin ya yaye, sai a ga Dakta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa kuma shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da John Tafida wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Yakubu Gowon. Waɗannan mutane sun zauna da Musulmi a teburi ɗaya, wasunsu ma dangin jini ne da su, kuma a wurinsu ne Arewa ta fara ganin cewa mutum na iya zama Kirista bai zama baƙo ba.

Ƙofar da ta buɗe a masarautu ba wa'azi ne ya buɗe ta ba, kuturta ce. A shekarun 1930 hukumomin En'e na fama da dubban kutare da ba su da mai kula da su, kuɗin gwamnati kuma ya yi ƙaranci. Wajen 1937 aka miƙa wa SIM gidajen kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, da amincewar sarakunan da jiya-jiya aka ce ba za su taɓa yarda ba. A 1943 asibitin ido na Kano ya fara aiki, a 1950 na Galmi a ƙasar Nijar ya biyo baya, kuma har yau mafi yawan masu kwana a gadajensu Musulmi ne. Mutumin da danginsa suka ware masa kwano da tabarma ya tarar da wata baƙuwa tana wanke masa gyambo da hannunta. Ko ya karɓi saƙon ko bai karɓa ba, ya koma ƙauyensu da labarin da ba a iya ƙaryatawa.

Musulmi mai lura zai ce, ai wannan shi ne ƙorafinmu tun asali, allura da allon boko tarko ne, an nemi marar lafiya da maraya ne don su ba su da ƙarfin cewa a'a. Ƙorafin yana da gindi, kuma Kirista mai gaskiya bai kamata ya kau da kai ba. An yi gardama tun a lokacin a kan yaran da aka raba da iyayensu kutare aka rene su a gidajen mishan, hukuma ma ta gindaya sharuɗɗa kan koya wa 'ya'yan Musulmi addini. Rahotannin da ake aika wa masu ba da gudummawa a Kanada da Amurka suna ƙirga rayuka kamar yadda suke ƙirga allurai. Amma tarihin da kansa ya nuna iyakar zargin. Da tarko ne kurum, da tun tuni an naɗe shi, domin mafi yawan waɗanda aka yi wa jinya sun shiga suna Musulmi sun fita suna Musulmi, asibitocin kuma ba su rufe ba. Koyarwar Kirista ma ba ta goyi bayan tarko ba, tunda ƙaunar da ke jiran a biya ta da tuba ciniki ce. Inda aka yi jinya da sharaɗi an ci amanar bisharar, inda aka yi ta ba sharaɗi kuwa nan ne sunan mishan ya tsira har bayan tafiyar Turawa.

Kaduna ta zo da nata salon. Gari ne da mulkin mallaka ya ƙirƙiro a ƙasar Gbagyi, hedkwata ta dawo cikinsa daga Zungeru a 1917, ba shi da ganuwa, ba shi da sarkin da za a ce an keta wa alfarma. Jirgin ƙasa ya kawo Yarbawa da Ibo, da Baftis da Katolika da Angilikan a cikin kayansu. Barikin soja da masaƙun Kakuri suka jawo Bajju da Atyap da Ham da Tibi da Bachama da Ngas. Abin da ya haɗa waɗannan ƙabilun Arewa a majami'a ɗaya shi ne Hausa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, ya zama littafin karatu na al'ummomi da dama da Hausa ba harshen uwarsu ba ne, har ya kai ga an kafa HEKAN a Kaduna don tara masu sujada da Hausa daga ikkilisiyoyi dabam-dabam. Yawancin aikin ma ba Bature ne ya yi shi ba. Mai bishara ne ɗan ƙasa a kan keke, da Zumuntar Mata, da 'yan Sabon Rai Don Kowa daga shekarun 1960. Makarantar Baftis ta Kawo irin waɗannan mutane take horarwa, kuma tana zaune ne a tsakiyar Musulmi. Ɗalibin da zai zama fasto yana sayen gawayi da tumatir a hannun Malam wane, matarsa tana zuwa barkar haihuwa a gidan Hajiya wance, tuwon sallah na shigowa, shinkafar Kirsimeti na fita. Ba wanda ya kira wannan da sunan tattaunawar addinai a lokacin, zama ne kawai.

Da 'yancin kai ya matso, tsoro ya shigo, kuma tsoron ba na banza ba ne. Hukumar Willink ta saurari koken ƙananan ƙabilu a 1957 da 1958, ta ƙi ba da shawarar sababbin jihohi, ta ba da shawarar a rubuta 'yancin ɗan Adam cikin tsarin mulki, har da 'yancin addini. A 1962 aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna, daga 1963 Sardauna ya shiga rangadin musuluntarwa a lardunan da mishan ke ganin gonarsu ce. Kiristoci suka amsa da Ƙungiyar Kiristocin Arewa a 1964, wadda ta share fagen kafa ta ƙasa baki ɗaya, wato CAN, a 1976. Daga nan addinan biyu suka fara kallon juna ta tagar gwamnati: wa ya samu fili, wa ya samu lokaci a rediyo, wa aka biya wa kujerar Makka, wa aka biya wa ta Kudus. Karɓe makarantu a 1972 ya faɗo cikin wannan yanayi. St. John ta zama Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta Kakuri ta zama Kwalejin Sarauniya Amina, St. Paul ta Wusasa ta zama Kwalejin Kufena. Abin lura, shugaban ƙasa a ranar Gowon ne, ɗan mai bishara, tsohon ɗalibin Wusasa, kuma an yi irin wannan karɓewa a jihohin Kudu inda Kiristoci suka fi yawa. Zaman Kirista a kan kujera mafi girma bai hana ikkilisiya rasa ajin da take haɗa 'yar Musulmi da 'yar Kirista a benci ɗaya ba.

Daga 1977 muhawarar ta koma kan wace irin ƙasa ce Nijeriya. A majalisar tsara kundin mulki an yi ta ja-in-ja kan kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a matakin tarayya, har wakilai Musulmi da dama suka fice daga zauren a Afrilun 1978. Sasantawar da aka yi ta haifi sashe na 10 na kundin 1979, wanda aka maimaita a na 1999, mai hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati. Sashe na 38 na kundin yanzu ya ba kowa 'yancin yin addininsa, da sauya shi, da yaɗa shi. A Janairun 1986 labari ya ɓulla cewa gwamnatin Babangida ta shigar da ƙasar ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC a asirce, a Maris na 1987 Kafanchan ta kama da wuta ta watsu har Kaduna da Zariya da Funtuwa, a 1992 Zangon Kataf ta biyo. A cikin waɗannan shekaru ne raba addini da gwamnati ya zama taken Kiristocin Arewa.

Ina ganin sun yi daidai da suka riƙe wannan take, domin marar rinjaye ba shi da garkuwar da ta wuce doka mai kallon kowa da ido ɗaya. Wanda ya taɓa neman takardar mallakar fili don gina majami'a a Kano ko Gusau ya san amfanin sashe na 10, haka ma Musulmin da ke neman filin masallaci a garin da shi ne marar rinjaye. Sai dai akwai wuraren da taken ya yi rauni. Musulmi ya ce, hutun Lahadi da kalandar Miladiyya da dokar Ingila duk daga gidanku suka fito, kun kira su tsaka-tsaki don ba ku jin nauyinsu. A wannan yana da gaskiya fiye da yadda mumbarin coci ke yarda. Sa'an nan Kiristan Arewa da kansa ba ya son ƙasa irin Faransa ta bayan dokar 1905, inda ake tsare addini a ƙofar makarantar gwamnati. Yana son addu'a a taro, da darasin addini a aji, da hukumar alhazan Kudus. Ke nan ɓangarorin biyu masu addini ne har wuya, gardamarsu a kan rabo ce. An ga haka ƙarara a 2016, da gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta kai majalisa ƙudirin ba masu wa'azi lasisi, aka ji fastoci da wasu malaman Musulunci suna suka da kusan murya ɗaya. Doka tana iya hana gwamna fifita wani a kan wani, kuma dole a ci gaba da neman ta yi hakan. Abin da ba ta iyawa shi ne ta sa mutum ya buɗe ƙofarsa da tsakar dare ya ɓoye wanda ake bi da adda.

Ranar 21 ga Fabrairu 2000 aka gwada wannan. Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a Oktoban 1999, majalisar Kaduna ta ɗauki maganar, Musulmi suka yi gangamin goyon baya, Kiristoci suka fito jerin gwanon ƙin amincewa, gari ya kama. Hukumar binciken da gwamnati ta naɗa ta ƙirga mutum 1,295 da suka mutu, Human Rights Watch ta ce aƙalla 2,000 idan aka haɗa da tashin watan Mayu. An ƙone majami'u a arewacin kogi, an ƙone masallatai a kudancinsa, kowane ɓangare ya kashe marasa laifi a inda ya fi yawa. Makarantar Baftis ta Kawo na cikin abin da aka cinna wa wuta, ɗalibai da malamai suka tsere. Gwamna Ahmed Maƙarfi ya yi gyaran da ya cancanci yabo: a 2001 aka tsara kotunan shari'a da na gargajiya da na majistare kowa da huruminsa, aka ƙirƙiro masarautu ga ƙabilun kudancin jihar. Ranar 22 ga Agusta 2002 shugabannin addini 22, rabi Musulmi rabi Kirista, suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Wata uku bayan nan rikicin gasar sarauniyar kyau ya ci kimanin mutum 250.

Abin da ya biyo baya ya fi wutar daɗewa. Kirista ya sayar da gidansa na Kawo ko Tudun Wada ko Rigasa ya koma Sabon Tasha da Narayi da Romi da Gonin Gora, Musulmi ya bar Television da Unguwar Sunday ya hayo arewa, wani lokaci ma musayar gida aka yi kai tsaye. Mutanen gari suka shiga kiran wannan gefe Makka, wancan Kudus. Ga mai bangaskiyar Kirista wannan ya wuce matsalar tsaro. A Linjilar Luka, da aka tambayi Yesu wane ne maƙwabci, sai ya ba da labarin mutumin da 'yan fashi suka yi wa rauni a hanyar Yariko, manyan addininsa biyu suka ratse suka wuce, Basamariye, wanda Yahudawa ke ƙyamar addininsa, ya tsaya ya ɗauke shi. Labarin ya sa wanda ake ganin batacce ne a matsayin mai jinƙai, ya bar mai sauraro a matsayin wanda aka taimaka wa. Kaduna ta ga irin wannan da idonta, domin a kowane rikici an samu Musulmin da ya ɓoye Kirista a ɗakin matarsa da Kiristan da ya yi wa Musulmi haka, kamar yadda Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye ɗaruruwan mutane a masallacinsa da gidansa a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta maƙwabciyar jiha a Yunin 2018. Duk waɗannan cetarwa sanayya ce ta haife su. A unguwar da kowa addininsa ɗaya, ba mai ɓoyewa kuma ba wanda za a ɓoye, yaron da aka haifa a 2000 ya girma yana jin labarin ɗaya ɓangaren daga bakin mai wa'azi da wayar hannu. Bishara ma ta koma lasifika mai yi wa masu bi wa'azi, tunda wanda aka ce a kai wa saƙon yana hayin kogi.

Nan ne Kiristan da ya binne ɗansa zai ce, malam, magana ba ta da wuya, kai za ka mai da iyalinka inda aka ƙone ka? Ba wanda ke da hurumin ɗora wa wani wannan kaya, kuma ƙaura don tsira da rai ba zunubi ba ce. Ƙaunar maƙwabci ba ta soke neman adalci, rashin hukunta mafi yawan masu kisa tun daga 1987 yana cikin dalilan da suka sa abin ya yi ta maimaituwa. Amma akwai bambanci tsakanin karɓar rabuwa a matsayin larura da ɗaukarta a matsayin nasara. Haɗarin shi ne ikkilisiya ta saba, ta mai da kanta ƙungiyar kare ƙabila mai ƙirga kujerun kwamishina, ta manta cewa a wannan ƙasa da jinyar waɗanda ba nata ba aka fara saninta. Kuma rabuwar ba ta cika ba. Da rana garin yana haɗuwa a babbar kasuwa da sakatariya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha da asibitin Barau Dikko, wanda sunan Dakta Dikko ɗan Wusasa ne a kansa. Da magariba ne kowa ke neman gada.

Waɗanda suka yi wani abu da wannan ragowar sanayya ba su jira gwamnati ba. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu, an haɗa su a 1995, kuma sai da suka ɗauki shekaru kafin zargi ya bar zukatansu. Ba wanda ya sassauta aƙidarsa a cikinsu, kowa na ganin ɗan uwansa yana buƙatar shiriya, wannan ne ma ya sa mabiyansu suka saurare su. A kwatanta da ziyarar Fafaroma John Paul na Biyu a Kaduna a Fabrairun 1982, inda ganawar da aka shirya da shugabannin Musulmi ba ta yiwu ba, sai a filin jirgi ya karanta jawabinsa gaban gwamna da jami'ai. Abin da manyan baƙi da tsarin fada suka kasa, mutum biyu da suka taɓa farautar juna sun yi shi. Bishop Josiah Idowu-Fearon, wanda ya riƙe Angilikan ta Kaduna daga 1998 zuwa 2015, ya bi ta hanyar karatu, ya kafa cibiyar nazarin dangantakar Kirista da Musulmi inda ɗaliban addinan biyu ke zama aji ɗaya, kowa na koyon addinin ɗayan daga tushensa. Ya sha suka daga nasa mutanen, wasu har suna ce masa Musulmin ɓoye. Irin wannan aji ƙarami ne idan aka auna shi da girman garin, kuma yawancin makarantun tauhidi da na Islamiyya a jihar har yanzu suna yaye ɗalibai da ba su taɓa jin ɗaya addinin daga bakin mai shi ba.